Ruwan Zariya: Lita Miliyan 150 a Takarda, Nawa Ke Isa Bakin Famfo?

A shekarar 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 kowace rana. Kwangilarta tun 2008 aka bayar, zamanin Gwamna Namadi Sambo. Ba hannu ɗaya ya ɗauki aikin ba. Gwamnatin tarayya ta gina madatsar Galma a Kuzuntu cikin ƙaramar hukumar Kubau, mai riƙe ruwa kubik mita miliyan 186. Jiha ta gina matatar. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba da rancen manyan bututu da tankunan ajiya, Bankin Raya Afirka kuma ya ba da na bututun rarrabawa cikin gari da ɓangaren tsafta. Bayan Zariya da Sabon Gari, an nufi ruwan ya kai maƙwabta irin su Giwa, Kudan, Makarfi da Soba.

A lissafi, ruwan ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 50 a rana a matsayin abin da zai wadaci mutum ɗaya wajen sha, girki, wanka da wanki, wato lita miliyan 150 ta ishi mutum miliyan 3. Ƙidayar 2006 ta ba Zariya da Sabon Gari a haɗe kimanin mutum 700,000. Ko da yawan ya ninka, ko da kuma kashi 40 cikin 100 na ruwan ya tsiyaye a hanya, da sauran rara. Amma duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ko Tudun Wada da hantsi ya san kura ba ta bar titi ba. Jarka goma ko goma sha biyu a kura ɗaya, mai ga-ruwa na turawa, har yau shi ne famfon gidaje da yawa.

Zariya kuwa ba garin da zai jingina da rijiya ba ne. Ƙarƙashinta dutse ne, irin wanda ya fito fili a Kufena, kuma ruwan ƙasa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a haƙa burtsatse biyu a layi ɗaya, wannan ta ba da ruwa, waccan ta bushe. Daga Maris har faɗuwar damina rijiyoyin gida sai ja da baya suke yi.

Tambayar wannan nazari ɗaya ce: tsakanin matata da bakin famfo, ina ruwan yake tsayawa? A ganinmu babu ofishin da ke riƙe da cikakkiyar amsa. Rabin bayanin yana cikin takardun gwamnati, ɗaya rabin yana wajen mai ga-ruwa, mai burtsatse, mai gyaran famfo da uwargida.

Abin da gwamnati ta buɗe, da iyakarsa

Jihar Kaduna ba ta baya a wannan fanni. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya, OGP, a 2016, Kaduna kuma ta shiga rukuninsa na jihohi da birane a 2018, ita ce jiha ta farko a ƙasar. Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi tana wallafa kasafin shekara da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku. Hukumar KADPPA mai kula da sayayya da kwangiloli tana da shafin da ake ganin wanda aka ba aiki da kuɗinsa. An kuma fito da manhajar Eyes and Ears don ɗan ƙasa ya ga aikin gwamnati da ke kusa da shi, ya tura hoto da ƙorafi. Daga waje, Bankin Raya Afirka yana sa takardun ayyukansa a shafinsa, shirin GRID3 yana ba da taswirar matsuguni da iyakokin mazaɓu da ƙiyasin yawan jama'a kyauta, binciken WASHNORM kuma yana ba da alƙaluman ruwa da tsafta na ƙasa.

Kowanne yana da inda ya tsaya. Kasafi yana da abin da majalisa ta amince, da abin da aka kashe a zahiri, kuma mutane da yawa na farkon suke karantawa su tafi rediyo. Layin kasafi yakan ambaci gari, ba ya ambatar unguwa. Takardar kwangila tana faɗin kilomita nawa na bututu aka binne, ba ta faɗin ko an jona shi da babban layi ko bawul ɗinsa, wato makullin ruwa, a buɗe yake. WASHNORM samfuri ne na matakin jiha, ba zai bambanta maka Gyallesu da Samaru ba.

Duk da haka akwai hanyar da takardun sayayya ke tona yawan ruwan da aka tace, kuma ba a cika amfani da ita ba. Matata ba ta aiki sai da alif, kulorin da wutar lantarki. Idan ana zuba miligiram 40 na alif a kowace lita, wanda matsakaici ne ga ruwan kogi, lita miliyan 150 za ta ci tan 6 a rana, wato sama da tan 2,000 a shekara. Da damina, sa'ad da Galma ta yi ja, adadin yana ƙaruwa. Kulorin a kan miligiram 2 a lita zai kai kilo 300 a rana. Wuta ma haka: ɗaga kubik mita ɗaya na ruwa tsayin mita 60 da injin mai inganci kashi 70 yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yunit ɗaya, to kubik mita 150,000 na buƙatar yunit wajen 35,000 a rana. Wanda ya samu adadin alif da aka saya a shekara da yunit ɗin wutar da aka biya, zai iya ƙiyasta iyakar ruwan da zai yiwu an tace ba tare da ya taka ƙafa cikin matata ba. In alif ɗin da aka saya na kwana 60 ne, babu amfanin neman laifin bututun unguwa tukuna.

Abin da ba a wallafa ba, ana nemansa da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, za ta iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya je kotu. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Wasiƙar da ke cewa "a ba mu duk bayanan aikin ruwan Zariya" ba ta samun amsa mai amfani. A nemi abu uku da sunansu: adadin ruwan da aka tura kowace rana na wata goma sha biyu, jadawalin raba ruwa shiyya-shiyya, da zanen bututu kamar yadda aka binne shi a ƙasa. Na ƙarshen nan daban yake da zanen da aka yi kafin a fara aiki, domin ɗan kwangila yakan kauce wa dutse, kwalbati ko katangar wani.

Tattara ɗaya rabin

Zariya tana da mazaɓu 13, Sabon Gari 11. Kada a ɗauke su duka. Mazaɓa ɗaya da aka yi wa aiki sosai ta fi ashirin da huɗu da aka taɓa sama-sama, kuma ya fi kyau a zaɓi wadda ke da tudu da kwari, da tsohon bututu da sabo.

Ana farawa da hakimi da masu unguwa, a yi musu bayani kafin kowa ya fito da waya yana ɗaukar hoto. Daga nan a zaɓi famfo 30 zuwa 40. Zaɓin nan shi ne gishirin aikin: wasu kusa da babban layi, wasu a tsakiya, wasu a wutsiyar bututu, a kowane rukuni kuma a sa na tudu da na gangare. In aka bar masu sa kai su zaɓi gidajen da suka sani, duk famfunan za su taru a layi biyu.

A kowane gida a manna takarda kusa da famfo mai gurbi biyar: kwanan wata, lokacin da ruwa ya zo, lokacin da ya ɗauke, minti nawa ya cika jarka mai lita 25, da kalarsa. Ruwa yakan zo cikin dare ko gab da asuba, kuma uwargida ce ta san lokacin, ita ke tashi ta tara. Saboda haka mata ne za su riƙa shiga karɓar takardun duk mako, musamman cikin Birni inda namiji baƙo iyakarsa zaure. Ƙungiyar da ta fita da samari zalla za ta dawo da abin da maigida ya zata, ba abin da ya faru ba. Ana shigar da bayanan a manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet, sannan a ɗora su kan taswira da QGIS. Duka biyun kyauta ne. A yi mako takwas a bazara, a maimaita mako takwas a tsakiyar damina.

Lokacin cika jarka ma'auni ne mai kyau. Jarkar da ta cika cikin minti biyu tana nuna lita 12 da ɗoriya a minti, ruwa mai ƙarfi ke nan. Wadda ta ɗauki minti takwas, lita 3 ce a minti, kuma gidan da ke bayan wannan a layi wataƙila ba ya ganin ko ɗigo. A famfo biyar ko shida a ɗaura agogon awon ƙarfin ruwa. Ma'aunin "bar" ɗaya a agogon daidai yake da tsayin ruwa na mita 10, ƙasa da haka ruwa ba zai hau tankin da ke saman bene ba.

Sai inganci. Ƙwayar gwaji ta DPD tana rina ruwa ruwan hoda idan akwai kulorin, kuma abin da ake so a bakin famfo shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Ƙwayar cutar E. coli kuwa bai kamata a same ta ko ɗaya a mililita 100 ba. Wannan gwajin na ɗakin bincike ne: kwalba mai tsabta, cikin kula da ƙanƙara, a kai cikin awa shida. A nan Zariya ta yi sa'a, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen albarkatun ruwa da injiniyan muhalli a Samaru, ɗalibanta da na Kwalejin Nuhu Bamalli kuma kowace shekara suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. A daidaita da malamansu tun farkon zango a kan fom ɗaya da hanyar awo ɗaya, don sakamakon bana ya haɗu da na baɗi.

Masu ga-ruwa su ne suka fi kowa sanin taswirar ƙishirwa. Tambaya uku ta isa, a yi ta da girmamawa a inda suke ɗiba: "Malam, ina ka ɗebo yau, nawa ka saya, nawa kake sayarwa a wane layi?" Jarka 40 ita ce kubik mita ɗaya. In ana sayar da jarka naira 100, alal misali, magidanci yana sayen kubik mita a naira 4,000. A ajiye wannan kusa da kuɗin da hukumar ruwa ta KADSWAC ke caji a kan kubik mita, za a ga cewa talakan da ba shi da famfo shi ne mai biyan mafi tsada. Gida mai mutum takwas, ko a kan lita 20 kowanne, yana buƙatar jarka shida zuwa bakwai kullum. Wannan kuɗin abinci ne da na makaranta ake karkatarwa, kuma shi ne dalilin da ya sa muke ganin aikin nan ya cancanci wahalarsa.

Karanta abin da ya fito

Idan duk famfunan mazaɓa suka bushe a ranaku ɗaya, matsalar tana sama: wuta, sinadari ko injin turawa. A gwada ranakun da bayanan tura ruwa na matata. In matata ta ce ta tura amma babu famfon da ya gani, to tsakanin matata da tankin shiyya za a duba.

Idan kwari na samu tudu ba ya samu, ƙarfi ne ya gaza. Ko dai tankin ba ya cika kafin a buɗe shi, ko kuma gidajen gaba sun jona injin kai tsaye a bututu suna zuƙa. Injin guda biyar a layi mai inci uku sun isa su hana na baya ruwa gaba ɗaya.

Idan layi ɗaya ya bushe tsakanin biyu masu ruwa, a nemi bawul. Sau da yawa aikin titi ya binne shi ƙarƙashin kwalta, ko masu haƙa magudana sun yanke bututun sun toshe bakin, ko tun farko ba a jona ba. Wannan shi ne gyara mafi araha, kuma tsofaffin masu gyaran famfo na unguwa sukan nuna wurin da yatsa.

Na huɗu shi ne mai haɗari: ruwa yana zuwa amma babu kulorin, na farkon fitowa kuma yana da laka ko wari. Bututun da ake ba shi ruwa ana ɗaukewa yakan zuƙi abin da ke kewaye da shi lokacin da ya zama wofi. In ya ratsa cikin kwata kuma yana da tsaga, ruwan kwatar ne zai fara isa gida. Da damina hanyar kwalara ke nan, kuma irin wannan sakamako ba a jiran ƙarshen mako takwas, ranar da aka gani ake kai wa hukumar ruwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Yoyo ma ba ƙaramin abu ba ne ko ta fuskar yawa: tsagar da ke cika jarka cikin minti biyar tana zubar da jarka 72 a awa shida.

Inda aikin ke lalacewa

Sunaye suna ruɗa kwamfuta. Muchia, Muchiya da Muciya wuri ɗaya ne, amma manhaja za ta ƙirga uku. A ba kowane famfo da kowane layi lamba tun ranar farko. Wayar hannu takan kuskure wuri da mita 5 zuwa 10, a lungunan Birni ma fiye, har ta jefa gida a layin baya, don haka a tsaya a fili minti ɗaya kafin a danna, a kuma rubuta wata alama kamar masallaci ko injin niƙa. Iyakar mazaɓa a taswirar GRID3 ba kullum take dacewa da abin da mai unguwa ya sani ba. A zauna da shi da bugaggiyar taswira a gyara.

Tsoro ya fi waɗannan wuyar magani. Mai burtsatse yana ganin mai fom sai ya tuna haraji. Mai ga-ruwa yana ganin ana shirin raba shi da sana'arsa. Wanda ya jona famfo ta bayan fage yana tsoron a yanke shi, shi kuwa yana cikin waɗanda aka fi buƙatar bayaninsu. Dole a samu alkawari a rubuce daga hukuma cewa bayanan ba na kame ba ne, a kuma ba da wa'adin da mutum zai yi rajistar jonin da ya yi ba tare da tara ba. Abin da za a wallafa a tsaya a matakin layi, kada sunan mai gida ko ainihin wurin gidansa ya fita, kamar yadda Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta tanada.

Masu sa kai suna gajiya daga mako na uku in babu kuɗin mota da na kati, kuma a nan ake fara cike takarda daga ƙwaƙwalwa. Alamarta ita ce lokuta masu kama da juna, kullum ƙarfe biyar daidai. Mai duba aiki ya riƙa ziyartar kashi ɗaya cikin goma na gidajen ba tare da sanarwa ba. Lokacin zaɓe kuma a dakata, don duk taswirar da ta fito a wannan lokaci za a ce ta wata jam'iyya ce.

Abin da za a sa wa hannu

Rahoton da babu wanda aka ɗora wa amsa shi a kabad yake ƙarewa. Kafin a manna takarda ko ɗaya, a yi yarjejeniya mai shafi biyu. Hukumar ruwa ta ba da jadawali, adadin turawa na kullum, zanen bawul, da jami'i ɗaya da zai amsa kowane rahoto cikin kwana 14. Unguwa ta ba da bayanan famfo da rahoton yoyo. Jami'a ta yi gwaji ta riƙe ma'ajin bayanan.

'Yan kasuwa suna da gurbi uku. Masu gyaran famfo da aka tantance za su iya ɗaukar gyaran ƙananan bututu a kan farashin da aka ƙayyade, a biya bayan mai unguwa ya shaida yoyon ya tsaya. A wutsiyar layi, inda jona gida-gida bai yiwu ba tukuna, a kafa rumfar sayar da ruwa mai mita, masu ga-ruwa su riƙa sara daga nan ruwan da aka tace, sana'arsu ta tsira, ruwan da suke kaiwa gidaje ya inganta. Manyan masu sha, irin su masana'antun fiya wata, otal-otal da makarantun kwana, a sa musu mita su biya daidai abin da suka sha, domin kuɗinsu ne zai sayi alif. Haɗarin rumfa shi ne mai riƙe da ita ya zama shi kaɗai a unguwa ya tsawwala. Maganinsa a rubuta farashin jarka a allo a jikin rumfar, a wallafa kwangilar, a kuma sa wa'adin shekara biyu da sharaɗin ƙwacewa.

Gyaran da ya fi ƙarfin wannan, kamar sauya tsohon bututu ko gina tanki, sai ya shiga kasafi. Jihar tana da tsarin kundin buƙatun al'umma da ake kira CDC, inda mazaɓu ke jera abin da suka fi buƙata. Tun tsakiyar shekara ake fara shirya kasafin baɗi, don haka sakamakon bazara ya kasance a hannu kafin watan Yuli, da lambar layi, tsawon bututu da girmansa.

Kowane wata a fitar da alƙaluma uku na mazaɓar: awa nawa ruwa ya zo a mako, nawa ake sayar da jarka, da kashi nawa na famfunan da aka gwada ke da kulorin. A manna su a ƙofar mai unguwa da allon masallacin Juma'a, a karanta a rediyo da Hausa. Kuɗin tattara su, wato takarda, ƙwayar gwaji, mota da alawus ɗin mata masu zagaye, kada ya fito daga aljihun mai rumfa ko ɗan kwangilar da ake auna aikinsa. Ya fito daga ƙungiyar ci gaban unguwa, ƙaramar hukuma ko asusun binciken jami'a, a kuma rubuta wanda ya biya a ƙasan takardar da aka manna.